Yafiyar Baba a Kotun Wata Ƙasa

Har yau idan wani ya ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce, sai raina ya ɓaci. Ba ƙaddarar nake musu ba, Allah ya tsare ni. Abin da na sani shi ne an taɓa ɗaukar irin wannan maganar daga bakin mahaifina a falonmu na unguwar Bronx a New York, aka kai ta wata kotu a gabashin Turai, aka ɓata sunan ƙanena da ita yana kwance a kabari.

Mu biyu ne a wajen Baba, ni da Auta. Mahaifiyarmu ta rasu yana rarrafe, don haka a bayana ya girma, ni na yaye shi, ni na raka shi makarantar allo yana tirjiya. Baba ya zo New York ina budurwa, ya kama tuƙin tasi, galibi a layin masu jiran fasinja a filin jirgin JFK. Na biyo shi daga baya, na yi karatu, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Staten Island. Takardun Auta ne suka ƙi fitowa. Shekara ta bi shekara, har ya gaji da zaman jira a Kano ya ce shi likita zai zama ko ta ina ne. Ya samu gurbi a ɗaya daga cikin ƙasashen nan da a da suke ƙarƙashin kwaminisanci, inda yaran Arewa suke zuwa karatun likita saboda ya fi sauƙi. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Akwai yaranmu a can har yanzu, kuma na ga abin da ake iya yi wa wanda ba shi da kowa.

Yana shekararsa ta ƙarshe, cikin watan azumi, ya fita da yamma sayen burodi da madarar buɗa-baki. Ya tsaya a wurin da aka zana wa masu tafiya a ƙasa, fitila ta ba shi hannu, ya fara tsallakawa. Wata mota ta taho a guje ta ɗauke shi. Bai kai asibiti da rai ba. Abokin ɗakinsa, wani ɗan Katsina, shi ya kira mu, kuma shi ya ce dabinon da Auta ya jiƙa yana nan a kan tebur.

Baba bai yi wata-wata ba, ya ce a sallace shi a can, a kai shi makwancinsa, ba a ajiye Musulmi a firji ana jiran jirgi. Washegari ɗalibai da wasu tsofaffin Musulmin garin suka binne shi. Mun kalli jana'izar a waya, ni da Baba, muna zaune a kan darduma ɗaya.

Zaman makoki a gidanmu aka yi, a bayan Fordham Road. Maza a falo, mata a ɗaki da kicin. Direbobin JFK suka yi ta zuwa, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da mutanen Zangon Kumasi, kowa ya cire takalmi ya ƙara a kan tulin da ke bakin ƙofa. Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, sai ga wani Bature cikin baƙin kwat. Kafin a ce masa komai ya cire takalminsa, ya durƙusa a gaban Baba, ya dafa ƙirji. A lokacin abin ya burge ni. Sai daga baya na gane wani ne ya zaunar da shi ya koya masa yadda muke yi.

Ya ce shi ɗan'uwan direban da ya kaɗe Auta ne, a Brooklyn yake zaune, kuma iyalin ne suka turo shi. Ya yi hawaye. Ya ce yaron da ya tuƙa motar ya kasa ci ya kasa sha, uwarsa tana kwance likita na kanta. Baba yana azumi, kowa a falon yana azumi, amma ya ce a kawo wa baƙo ruwa da dabino tunda shi ba ya yi. Ni na kawo, da hannuna. Mutumin ya fito da wata ambulan, Baba ya tura masa abarsa ba tare da ya kalle ta ba, ya ce ba ya cin kuɗin jinin ɗansa. Sai mutumin ya roƙi abu ɗaya: Baba ya yi wa uwar yaron magana a waya, ko ta samu ta runtsa. Ya ɗaga wayar ya saita.

Baba ya gyara hularsa, ya yi magana da Turancinsa na direba, a hankali, don matar ta fahimta.

"Ki gaya wa ɗanki na yafe masa. Ba laifinsa ba ne, ba laifin kowa ba ne. Kwanan ɗana ne ya ƙare."

Falon ya ɗauki kabbara ƙasa-ƙasa. Wani dattijo ya ce wannan shi ne Musulunci, Bature ya gani da idonsa. To wace magana ce wannan da ba mu saba ji ba? Haka ake faɗa a kowane gidan makoki daga Kano har Agadas. Mai mota ya zo da manyansa, a ce masa tashi, Allah ne ya kawo, mun yafe. Ba wanda yake nufin motar ba ta yi gudu ba. Ina tsaye a ƙofar kicin ni ma hawaye nake. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai: da mutumin ya fita, na leƙa don in nuna masa takalminsa, sai na same shi a tsaye da safa, ya kara wayar a kunne yana sauraron ko muryar Baba ta fita sosai. Idonsa a bushe ƙamas.

Da na koma aiki, akwai wata abokiyar aikina, babbar mace, haifaffiyar wannan ƙasar ce, ta baro can da daɗewa. Na roƙe ta ta duba mini ko jaridunsu sun ɗauki labarin. Ta bincika a wayarta, ta ga sunan dangin direban, sai ta jawo kujera ta zauna. Ta ce uban yaron jigo ne a jam'iyya mai mulki, kuma yana cikin waɗanda suke da ta cewa a kan wane alƙali za a ƙara wa girma, wane za a hukunta. Na ce to sai me, ai akwai doka, akwai shaidu, a idon jama'a aka yi. Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya ce zai kamo wata. Ta ce a zamanin kwaminisanci kowane alƙali da waya a kan teburinsa, kuma kowa ya san ta cikinta hukunci yake fitowa. An zo an rushe gumaka, an sauya tuta, an sauya wa tituna suna, amma masu buga wayar suna nan, waɗanda suka tsufa kuma 'ya'yansu sun gaje su. Ta ce a garinsu idan mutum ya shiga shari'a ba a tambayar abin da ya faru, ana tambayar ɗan wane ne a ɗaya ɓangaren.

Haushinta na ji ranar. Na ce a raina ai ni ma ba daga aljanna na fito ba, na san kotu, na san kamun ƙafa, na san yadda fayil yake ɓata a ofis. Na ɗauki lauya a can ta hannun ɗaliban, wani matashi mai ƙoƙari. Saboda bambancin lokaci, zaman kotunsu yana ƙarewa daidai lokacin da nake kan jirgin ruwa zuwa St. George da safe, hanyar wurin aikina. Nan nake sauraron saƙonninsa. Mutane suna ɗaukar hoton ruwa, suna shan kofi, ni ina maƙale da waya a kunne a kusurwa.

Alƙaliyar farko mace ce. Sakamakon jinin Auta na asibiti ya zo, babu komai a ciki. Akwai wata mai sayar da furanni a bakin titin da ta ce a gabanta aka yi, fitila ta tsayar da motoci, yaron bai ko taka birki ba. Na samu natsuwa, har na je na yi wa abokiyar aikina gori. Sai abubuwa suka fara juyawa. Aka ce kyamarar da ke kan titin ta lalace a ranar, ranar kaɗai. Mai furanni ta dawo kotu ta ce ita yanzu ba ta tuna komai, idonta ma ba shi da kyau. Sannan aka kawo wata sabuwar takarda daga wani ɗakin gwaji, wai an sake auna jinin, an samu giya a ciki mai yawa.

Giya. Auta, da azumi a bakinsa. Yaron da ko turare mai sinadarin giya sai ya yi ta tambayar malamai a kai har ya gundure su. Kuma ni za a gaya wa wannan, ni da aikina kenan kullum, in karɓi jini, in rubuta lokaci, in sa hannu. Na tambayi lauya wa ya ɗebi jinin na biyu, ina aka ajiye shi, wa ya kai. Ya ce babu amsa a takardar. Na ce a sake gwadawa a wani wuri. Ya ce da me, an ce ragowar jinin ta ƙare, gawa kuma mun binne tun washegari.

Alƙaliyar ta ƙi karɓar takardar. Ta ce sai wanda ya sa hannu ya zo gabanta ya yi bayani. Ban san matar nan ba, ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na sa ta a addu'a. Kafin zama na gaba, lauya ya turo saƙo cewa an yi mata ƙarin girma, an mayar da ita wata kotu a can cikin duwatsu, nesa da babban birni. Ƙarin girma fa. Abokiyar aikina ba ta rama gorin da na yi mata ba, ta dai ajiye mini shayi a gabana ta wuce.

Wanda aka kawo a madadin alƙaliyar tsoho ne, ya fara alƙalanci tun zamanin tsohuwar gwamnati. A zamansa na farko ya karɓi takardar giya, ya ce babu buƙatar kiran kowa. A zama na biyu lauyan direba ya nemi a kunna wani bidiyo. Lauyanmu ya turo mini tambaya a ruɗe: me ya sa ba mu gaya masa mahaifin mamacin ya wanke wanda ake tuhuma ba? Ya turo mini abin. Ga falonmu, ga labulen da na saya a Fordham, ga Baba da hularsa, an rubuta fassarar maganarsa a ƙasa da harshensu. An yanke kabbarar mutane, an yanke ambulan ɗin da ya tura. An bar "ba laifinsa ba ne".

Ranar ban iya aiki ba, na juyo gida. Na tarar da Baba yana shirin fita, makullin mota a hannunsa. Na ajiye masa wayar a gaba. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kalla. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce masa ga abin da kirkinsa ya jawo, ya ba macuci ruwa da dabino, ya ba shi wuƙar da zai yanka Auta karo na biyu. Na ce mu kullum haka muke, a taka mu mu ce Allah ne, a kashe mu mu ce mun yafe, kafin ma a tambaye mu. Na faɗi abin da ya fi haka. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Uwata, ni da wata uwa na yi magana, ba da kotu ba." Ya ajiye makullin, bai fita ba ranar.

Mun yi abin da za mu iya. Na kai shi wajen jami'in da ke buga hatimi a takardun rantsuwa, ya yi rantsuwa a rubuce cewa maganarsa ta ta'aziyya ce, al'adarmu ce, shi bai ga hatsarin ba balle ya san mai laifi, kuma ɗansa bai taɓa shan giya ba. Aka fassara, aka aika. Tsohon alƙalin ya ce ta zo a makare, kuma a bayyane yake 'yan'uwa ne suka matsa wa dattijon ya sauya magana. Ɗan Katsinan ya nemi ya ba da shaida cewa tare suka yi sahur, aka ce shi aboki ne, ba a karɓar tasa. Bayan nan aka fara tambayarsa takardun zamansa a ƙasar, sai ni da kaina na ce masa ya janye, ya gama karatunsa ya tsira.

Hukuncin ya fito wata safiya ina tsakiyar ruwa. Kotu ta gamsu cewa mamacin yana cikin maye, ya faɗa titi ba a ba shi hannu ba, kuma mahaifinsa da bakinsa ya tabbatar direban ba shi da laifi. An sallami yaron. Muka ɗaukaka ƙara, alƙalan sama suka zauna, suka tashi, suka ce hukuncin ya yi daidai. Lauyan ya ce ko shayinsu bai huce ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma yana neman hanyar barin ƙasar.

Ni ban taɓa sa rai a ɗaure yaron har abada ba. Da sun sake shi sun yi shiru, da na haɗiye. Amma sai da suka ɗora wa mamaci, don takardar ɗan babban mutum ta fita fes, kada wani abu ya tare masa gaba ranar da zai nemi kujera. Kuma magana ba ta tsaya a can ba. Jaridarsu ta buga, wani ya fassara, ta shiga wayoyin ɗalibai, ta isa Kano. Gwaggonmu ta kira ni, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce wai ta ji ƙishin-ƙishin, ko sanyin ƙasar ne ya sa yaron ya ɗan fara taɓawa. A layin JFK wani direba ya ce wa Baba, cikin tausayawa wai, yaran yanzu sai addu'a, Allah ya yafe masa abin da ya aikata. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka yi kabbara a falonmu. Daga ranar Baba bai sake komawa layin ba, ya koma ɗaukar fasinja a cikin gari.

Kowa kuma haƙuri yake ba ni. Matan unguwa, malamin masallacinmu, har mijina. A bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma ba zan yi kamar ban san abin da aka yi ba. Wani mutum ya ɗaga waya, wani ya amsa, aka kori mace ɗaya mai gaskiya zuwa duwatsu, aka tsorata mai furanni, aka ƙirƙiro jini. Ba aljanu ne suka yi ba, mutane ne masu albashi da rigar shari'a, suna komawa gida su ci abinci da 'ya'yansu. Ina jin haushinsu har gobe, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɓoye ba.

Ni da Baba mun daɗe ba mu tayar da maganar ba. Na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, ya ce ya wuce. Amma ya rame, ya rage magana, idan baƙo ya buga ƙofa sai ya ce in fara dubawa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, mutumin da ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa ba.

Bayan shekara biyu Allah ya nufe shi da aikin Hajji, daga can kuma zai wuce Kano ya zauna. Kamar yadda ake yi, ya bi mutane yana neman yafiya. Ya bi maƙwabta, ya bi masallaci, har layin JFK ya koma, ya nemi direban nan da ya yi masa maganar, ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe masa, shi ma ya yafe masa. Ina kallo ina cizon leɓe. Na ce a raina Baba dai ba zai sauya ba.

Ni na tuƙa shi zuwa filin jirgi, da hantsi, cunkoso ya riƙe mu a hanya. Yana zaune a gefena, wurin da bai saba zama ba, yana ta gyara mini tuƙi. Ya ce in yafe masa, na ce babu komai tsakaninmu, ni ce mai neman yafiya. Ya ce ya yafe wa kowa. Na kasa riƙe bakina, na tambaye shi har da direban da ya kaɗe Auta, bayan duk abin da suka yi da maganarsa.

"Har da shi," ya ce. "Jinin ɗana haƙƙina ne, na yafe, kuma ba na janyewa don sun yi mini wayo."

Muka ɗan matsa gaba, muka sake tsayawa. Yana kallon motar da ke gabanmu ya ci gaba.

"Amma wanda ya zauna ya rubuta cewa ya sha giya da azumi a bakinsa, wannan ba ni aka yi wa ba. Auta aka yi wa. Ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba." Ya juyo ya dube ni. "Kin san sunan alƙalin da ya yanke hukuncin?"

Na ce na sani, yadda na san nawa.

"Koya mini."

Sunan dogo ne, irin nasu mai cunkushe da baƙaƙe, harshen Bahaushe ba ya son sa. Na faɗa, ya gwada, ya karya shi gida biyu. Na sake faɗa. Na ce in rubuta masa a takarda mana. Ya ce a'a, inda za a neme shi, ranar hisabi, ba a shiga da takarda. Haka muka yi ta yi, ni ina faɗa yana maimaitawa kamar ɗan makarantar allo, har muka shiga JFK, muka wuce layin da ya yi shekaru yana jira a ciki. Na sauke masa jaka, ya sa mini albarka, ya sa wa 'ya'yana. Ya kama hanya, ya yi ɗan nisa, sai ya dawo ya sunkuyo ta tagar mota ya faɗi sunan gaba ɗaya, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Haka ne?"

Na ce haka ne, Baba.